Yadda ake gyara tsohon katako a ƙawata shago da shi

Duk kafintan da ya yi aiki a Kano ya san halin sabon katako. Daga dazukan kudu ake kawo yawancinsa, da sauran ruwa a jikinsa. Ka buga shi a watan Agusta ya zauna daram, hunturu na shigowa sai ka ga haɗin ya buɗe har yatsa na shiga, wani falankin ma ya murɗe. Tsohon katakon da ya shekara 30 ƙarƙashin kwanon rufi ya riga ya wuce wannan. Ya bushe, ya gama murɗewar da zai yi, kuma sau da yawa daga manyan itatuwa aka yanko shi, irin waɗanda yanzu sai an sha wuya ake samu. Madobiya ma an sare ta har sai da aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tun 2017. Shi ya sa idan mai shago ya ce mini yana son bangon katako ko kanta mai kyau, tsoho nake fara nema.

Sai dai ka sani tun yanzu, bugawar ita ce mafi sauƙi a aikin nan. Wahalar tana wajen zaɓe, cire ƙusa da kashe ƙwaro. Zan bi da kai yadda nake lulluɓe bango ɗaya da kuma haɗa kanta a shagon turare, shagon ɗinki, wurin aski ko gidan abinci.

Kayan aiki

Guduma mai baki biyu, ƙarfen ɓamɓare katako, filaya, da ƙaramin ƙarfe mai tsini na tura ƙusa. Maganaɗisu mai ƙarfi, ko da na tsohuwar sifika ne. Buroshin waya, zarton katako da zarton ƙarfe, tef ɗin awo, sikwaya ta daidaita kusurwa, lebur na gwada daidaiton layi, zare da alli. Injin huda bango. Sanfefa lamba 60, 80 da 120. Gam na katako irin Top Bond, ƙusoshi, sukuru da robar da ake cusawa a bango kafin a ɗaura shi. Katako tu-bai-tu, wato mai inci 2 faɗi da inci 2 kauri, na shimfiɗa a jikin bango. Baƙin fenti kaɗan, maganin gara, garin borax da boric acid, sila, wato shafin farko mai toshe ƙofofin katako, da banish. Sai safar hannu mai kauri, tabarau, takunkumin hana ƙura, da takalmi mai taurin ƙasa. Idan ka daɗe ba ka yi allurar rigakafin tetanus ba, je ka yi kafin ka fara, domin da ƙusa mai tsatsa za ka wuni.

1. Auna wurin kafin ka fita saye

Bango mai tsawon ƙafa 12 da tsayin ƙafa 9 yana cin murabba'in ƙafa 108. Da sabon katako za ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanke-yanke. Da tsoho kuwa ƙara 30 zuwa 40, wato ka nemi kusan 150, domin bakin falanki yakan tsage, wani wurin ya ruɓe, wani kuma sai ka share shi za ka ga ba ya moruwa. Sabon shiga yakan saya daidai-wa-daida, aiki ya kai rabi katako ya ƙare, ya koma kasuwa ya tarar irinsa babu.

Duba bangon ma. Idan fentinsa na kumbura daga ƙasa ko yana fitar da farin gishiri, danshi na hawa, kuma sai an magance shi kafin a rufe.

2. Inda ake samu, da wanda za ka bari a can

Wurin rushe tsohon gini ya fi ko'ina. Katakon rufi tu-bai-fo da tu-bai-sikis, firam ɗin ƙofa da taga, tsofaffin bencina da kantocin shago, duk suna fitowa a nan. A Kano akwai masu tara irin waɗannan a Ƙofar Ruwa, kuma 'yan katako na Na'ibawa sukan san wanda ke da su. A Kaduna sai Panteka, a Yamai kuma kasuwar Katako. Akwai kuma falet, wato katakon da ake ɗora kaya a kai cikin kwantena, ana samunsa a wurin manyan ɗakunan ajiya da masana'antu. Falet ɗaya yakan ba ka falanki 8 masu amfani ko sama kaɗan, kowanne kusan murabba'in ƙafa 1, don haka bangon da muka auna zai ci falet kusan 20.

Ka tambayi asalin kayan, ka karɓi rasit. Iska takan yaye rufin makaranta a farkon damina, washegari katakon ya bayyana a kasuwa. Kada ka yarda kayan jama'a su shigo aikinka don araha.

Akwai katakon da ba na shigar da shi cikin shago ko kyauta aka ba ni. Na farko katakon layin dogo da tsohon falwayar lantarki. An jiƙa su da wani baƙin mai mai warin kwalta don kada su ruɓe, guba ne, yana ƙona fata, kuma da zafin bazara zai riƙa tsatstsafowa yana cika shago da wari. Na biyu katako mai launin kore-kore a cikin namansa, domin maganin da aka dafa shi da shi yakan ƙunshi sinadarin arsenik. Na uku falet mai tambarin MB. Ka duba gefen falet za ka ga hatimi da haruffa. HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarin cikinsa, an gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na minti 30, wannan shi kake so. MB na nufin an turara shi da iskar guba. Haka nan duk falet ɗin da ka ga tabon mai ko sinadari a jikinsa, ko ka san ya ɗauki maganin feshi ko taki, bar shi.

Tsohon fenti mai sheƙi shi ma abin tsoro ne, musamman na ƙofofi da tagogin gidajen da, domin yakan ƙunshi dalma. Mutanen Zamfara sun ga abin da ƙurar dalma ta yi a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Idan ka goge irin wannan fenti da sanfefa a bushe, ƙurar za ta bi rigarka har gida wurin 'ya'yanka. In dole sai ka yi amfani da katakon, jiƙa fentin ka kankare shi a waje da takunkumi a fuska, ka tattara ɓawon ka zubar inda yara ba sa wasa. Kada ka ƙona shi da wuta.

3. Gane irin itacen

Tsohon katako duk launin toka yake a waje. Tafi da wuƙa, ka kankare ɗan wuri ka ga cikinsa, sannan ka ɗaga ka ji nauyinsa.

Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, ruwan zuma ne mai duhu, yana da nauyi, gara ba ta cika damunsa ba. Shi na fi so a saman kanta. Maɗaci ja ne, yana karɓar banish da kyau. Kawo ya fi su nauyi da tauri, sai an huda kafin ƙusa ta shiga. Obeche fari ne, ba nauyi, farcenka ma yana lotsa shi. Yana da daɗin aiki amma shi ne abincin ƙwaro, don haka bango kawai yake yi wa, bayan an yi masa magani. Falet ɗin da ya zo daga Turai yawanci katakon fayin ne, mai laushi da idanu a jiki.

Azara daban take. Gidajen ƙasa da ake rushewa a cikin birni suna fitar da azarar giginya da ta shekara aru-aru tana riƙe da rufin soro, gara ba ta taɓa ta ba. Idan aka goge ta aka shafa mai, baƙaƙen jijiyoyinta sukan fito kamar an zana su. Nakan jera ta a saman kanta ko a silin ɗin ƙofar shiga. Tana da sartse mai shiga hannu, tana dakusar da zarto, kuma ba ta karɓar ƙusa sai an huda. Tsohuwar ƙofar zaure mai sassaƙa kuwa, ina roƙonka kada ka yanka ta. Wanke ta ka rataye ta yadda take, domin masu yin irinta sun yi ƙaranci.

Soka tsinin wuƙa a bakin kowane falanki da inda ya taɓa bango. Idan ya nutse kamar cikin burodi, wurin ya ruɓe. Ƙwanƙwasa shi da guduma, mai lafiya yana amsawa da ƙara, wanda gara ta cinye cikinsa sai ka ji fanko.

4. Cire ƙusa

Nan ne ake gane mai haƙuri. Kada ka fizgi falanki daga gefe ɗaya, tsagewa zai yi. Sa ƙarfen kusa da ƙusar, ka ɗora guntun katako ƙarƙashinsa don kada ya lotsa fuskar, ka ɗaga kaɗan-kaɗan kana zagayawa. Idan tsinin ƙusar ya fito ta baya, buga shi ya koma, sannan ka zare ta ka. Wadda kanta ya gutsure, tura ta da ƙarfe mai tsini ta fita ta ɗaya gefen.

Ƙusar falet murɗaɗɗiya ce, ba ta fita da daɗin rai. Maimakon kokawa da ita, zura zarton ƙarfe tsakanin falankin da gindinsa ka yanke ƙusoshin, sannan ka turo kawunan daga baya. Idan lokaci ya ƙure, yanke bakin falankin biyu da zarto ka bar su a jikin gindin, ka yi fama da na tsakiya kawai. Za ka yi asarar inci 3 ko 4, amma katakon zai fita lafiya.

Bayan ka ga kamar ka gama, ɗaura maganaɗisu a zare ka bi kowane falanki a hankali, fuska biyu da gefe biyu. Inda ya manne ko ya karkata, akwai ƙarfe a ɓoye. Zagaye wurin da alli ka tono shi. Baƙin tabo a jikin katako ma alama ce, tsatsar ƙusa ce ta rina shi. Na taɓa kai lodin loko wurin mai injin share katako, guntuwar ƙusa ɗaya da ban gani ba ta ɓalle masa wuƙa, ta kuma ja layi a duk falankin da ya biyo baya. Na biya kuɗin wuƙar, na sake aikin kwana biyu. Tun daga ranar ba na kai katako inji sai na bi shi da maganaɗisu sau biyu, kuma nakan gaya wa mai injin gaskiya cewa tsoho ne.

5. Wanki

Bi katakon da buroshin waya ka fitar da ƙasa, yanar gizo da kashin ɓera. Katakon da aka zuba kankare a kai sai an kankare simintin tas, domin yashi yana cin wuƙar inji kamar yadda ƙusa ke ci. Wanke da ruwa da sabulu kaɗan, kada ka tsoma shi ya kwana. Jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka sa siraran sanduna tsakanin kowane layi, ka ɗora bulo a sama. Rana kai tsaye tana tsaga jiƙaƙƙen katako.

6. Kashe ƙwaro

Gara kowa ya san ta. Wanda ke yaudarar mutane shi ne ƙaramin ƙwaron da ke barin huda kamar ta allura, yana zubo gari mai laushi kamar fulawa. Tsutsarsa tana iya yin watanni a ciki ba ka gani. Shimfiɗa baƙar leda, ka ɗora katakon a kai kwana 4 ko 5. Idan ka ga sabon gari ya taru ƙarƙashin huda, yana nan da rai.

Wani mai shagon shadda ya taɓa matsa mini in gama kafin sallah, na tsallake wannan mataki a kan wasu falankan obeche. Bayan wata biyu ya kira ni. Na tarar da farin gari a kan baƙar shadda mai tsada, layi-layi, daidai ƙarƙashin kowace huda. Sai da na ɓamɓare rabin bangon.

Maganin da na fi yarda da shi a cikin shago shi ne borax da boric acid, ana samunsu wurin masu sayar da sinadarai. Haɗa borax kashi 3 da boric acid kashi 2, ka narka kilo 1 na haɗin a lita 10 ta ruwan ɗumi. Shafa wa katakon ta ko'ina har ya sha, musamman bakinsa da cikin hudojin, ka bari ya tsotse, washegari ka maimaita. Ba ya wari, ba ya canza launi. A kan katakon da babu fenti ko banish yake aiki, kuma ruwa yana wanke shi, shi ya sa na ciki ne kawai.

Idan ba ka samu ba, rana ma magani ce. A watan Maris ko Afrilu, naɗe siraran falankai cikin leda ka rufe bakin, ka shimfiɗa a kan siminti inda rana ke duka tun hantsi har la'asar, kana juyawa, kwana 3. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe tsutsa. Katako mai kauri ba ya jin wannan sosai. Wanda ƙwaro ya ci ya yi yawa, kada ka yi jayayya da shi, kai shi murhu, muddin ba mai fenti ko magani ba ne.

Maganin gara irin Solignum da makamantansa a jikin tu-bai-tu na baya kawai nake shafawa, in bari warin ya fita kafin in kai shago. Baƙin man inji da wasu ke shafa wa katakon rufi ba shi da wuri a nan. Yana wari, yana ɓata kaya, banish ba ya kama shi, kuma abincin wuta ne.

7. Sharewa da daidaitawa

Yanke shawara da mai shago tun da wuri: tsufan yake so a gani, ko katako mai santsi? Idan tsufan ne, a share baya da gefe biyu kawai a inji don kauri ya zo ɗaya kuma haɗi ya zauna, fuskar kuma a bi ta da sanfefa 80 sama-sama, sannan 120, yadda ba za ta kama rigar mai saye ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne gogewa har sai alamar zarto da ramin ƙusa sun ɓace. Idan ka yi haka ka sha wahalar tsoho ka fito da abin da ba a bambanta shi da sabo.

Inda babu inji, ware falankan bisa kauri da faɗi, ka sa masu faɗi ɗaya a layi ɗaya. Wanda ya fi siranta sai a sa masa guntun filawud a baya. Ƙurar loko tana sa ƙaiƙayi da tari, kada ka cire takunkumi.

Daga nan kai katakon cikin shagon ya yi mako 1 ko 2 a jere, musamman idan akwai na'urar sanyaya ɗaki, don ya saba da iskar wurin.

8. Shirya bango da waya

Shafa wa bangon baƙin fenti. Duk ramin ƙusa ko ɗan tsagin da ya buɗe daga baya, duhu za a gani maimakon farin siminti. Kafa tu-bai-tu a tsaye, tazarar ƙafa 2, da sukuru da roba. Ƙusar kankare tana yi idan babu injin huda, amma a tsohon bulo takan saki. Ja zare daga na farko zuwa na ƙarshe, ka cusa guntun katako bayan duk wanda ya shige ciki.

Maganar waya ba ta wasa ba ce. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, da dubban shagunan da ta cinye, ba zai bar waya tsirara bayan busasshen katako ba. Kira mai aikin lantarki na gaske ya sa kowace waya cikin bututu, kada a yi haɗi a ɓoye inda hannu ba ya kaiwa, akwatin soket kuma ya fito daidai fuskar katako. Fitilar LED za a sa kusa da bangon. A gidan abinci, katako ya tsaya a wurin zaman baƙi, bangon da ke kusa da murhu ko tukunyar gas tayil ya dace da shi. A rataye abin kashe gobara kusa da ƙofa.

9. Bugawa

Shimfiɗa falankan a ƙasa tukuna ka gauraya masu duhu da masu haske, mafi kyau su zo daidai idon mai shigowa. Ja layin farko da lebur, kada ka bi daɓe domin da wuya ya zama daidai. Bar inci 1 tsakanin katako da ƙasa saboda ruwan goge-goge, kuma don ka ga hanyar gara idan ta fara hawa. Kowane haɗin baki ya faɗa kan tu-bai-tu, kada na layi biyu su zo wuri ɗaya. Tsohon katako mai tauri yana tsagewa a baki, don haka huda kafin ka buga, ƙusa 2 a kowace mahaɗa. Duba lebur bayan kowane layi 3.

Tsoho ma yana numfashi da yanayi, ta faɗi, ba ta tsawo ba. Tsakanin tsakiyar hunturu da watan Agusta, falanki mai faɗin inci 12 yana iya ƙaruwa da kusan kwatan inci. Idan da hunturu kake bugawa, katakon yana a tsuke, sai ka bar tazarar katin ATM 2 ko 3 tsakanin sirara, fiye da haka ga masu faɗi, in ba haka ba damina na zuwa za su ture juna su kumburo. Idan da damina ne, matse su sosai, da kansu za su buɗe.

10. Kanta da shantuna

Ƙashin kanta da tu-bai-tiri mai lafiya nake yinsa, ko sabo ne, tsohon kuma ya zama fuska da sama. Tsayin inci 36 ya yi wa wurin aiki, inci 42 kuma ga inda mai saye ke tsayawa ya jingina. Haɗa falankan sama da gam ka matse su kwana guda. Wajen ɗaura saman, faɗaɗa hudar sukuru a jikin ƙashin ta zama doguwa kaɗan don katakon ya samu wurin motsi, in ka ɗaure shi tamau zai tsage a tsakiya. Shantu mai kaurin inci 1 yana son madogara duk inci 30 idan kaya masu nauyi zai ɗauka, kamar atamfa ko kwalaben turare. Bene ko matakalar da mutane za su hau ba aikin da za ka yi da tsohon katako bisa ƙiyasi ba ne, sai injiniya ya duba.

11. Shafe

A bango nakan bar ramukan ƙusa yadda suke. A saman kanta kuwa sai an cike su, don kada datti da kyankyaso su samu gida. Kwaɓa garin katakon da ka goge da gam, ka cusa, ya bushe ka goge. Share ƙura tas, shafa sila, bi da sanfefa mai laushi, sannan banish marar sheƙi sosai hawa 2 a bango, 3 a kanta. Gwada a guntu tukuna, domin tsohon katako yana yin duhu fiye da yadda kake zato. Shafa wa bayan falankan kanta da bakinsu ma, in fuska ɗaya kawai ta sha banish katakon zai lanƙwashe. Inda ake yanka nama ko ɗora abinci kai tsaye, a shimfiɗa farin ƙarfe ko marmara. Tsumman da ka shafa man katako da shi kada ka dunƙule shi a lungu, yana iya kama wuta da kansa. Tsoma shi a ruwa ko ka baza shi a waje.

Kafin ka tafi, bar wa mai shago falanki 5 ko 6 da suka rage don gyaran gaba, ka ce masa a riƙa gogewa da tsumma mai ɗan danshi, ban da watsa ruwa. Ni nakan koma bayan damina ta farko da fitilar hannu, in duba ƙasan bango ko akwai hanyar gara ko sabon gari, in sake komawa a tsakiyar hunturu in ƙara ɗaure duk sukurun da ya saki.